Yaro Ya San Ya Ƙoshi, Manya Ne Ba Su Yarda Ba

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Walter Mischel ya riƙa zaunar da yara 'yan kimanin shekara huɗu a ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, da 'yar alawa mai laushi a faranti a gabansu. Sharaɗin ba shi da wuyar ganewa: in ka ci yanzu, ita ke nan rabonka, in ka jira na dawo, ka sami biyu. Sai babba ya fita ya ja ƙofa. Wani yaron kafin ƙofar ta gama rufuwa ya kai baki. Wani ya rufe ido da tafin hannu, wani ya juya wa farantin baya, wani ya kama yi wa kansa waƙa don ya manta da abin da ke gabansa. Bayan kimanin shekara 30, abokan aikin Mischel suka nemo mutum 164 daga cikin yaran nan, sun zama magidanta, suka tambayi nauyinsu da tsawonsu. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa duk minti ɗaya da yaro ya ƙara jira, an sami ragin maki 0.2 a ma'aunin nan da likitoci ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. Wani bincike na 2009, wanda Lori Francis da Elizabeth Susman suka yi a kan yara fiye da 1,000, shi ma ya gano cewa waɗanda suka kasa kame kansu suna shekara 3 da 5 sun fi sauran saurin tara nauyi har zuwa shekara 12.

Darasin da mutane suka ɗauka daga nan ya yi daidai da kunnen Bahaushe, wanda tun yana goye ake ce masa kwaɗayi mabuɗin wahala. Wato ƙibar yaro rashin haƙuri ce, maganinta kuwa a hore shi, a hana shi, a koya masa danne zuciya. Ni ban yarda da wannan karatun ba, kuma hujjojin da suka taru cikin shekarun nan ba su goyi bayansa ba. Alaƙar kamun kai da ƙiba gaskiya ce, amma kamun kan da ya fi muhimmanci a nan wani ne daban da wanda ake gwadawa da alawa a faranti. Shi ne iyawar da jikin yaro yake da ita ta jin yunwa ya nema, ya ji ƙoshi ya tsaya. Da ita ake haihuwar mafi yawan yara. Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda aka yi ta dushe, da kuma hannun wa ke ciki.

Dalilin da ya sa maganar ta taru a kan ƙananan yara a fili yake. Masu bincike a birnin Leipzig na Jamus sun bi girman yara 51,505, aka buga sakamakon a 2018: matasan da ke da ƙiba, tsakanin shekara 2 zuwa 6 nauyinsu ya fi hawa da sauri, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na yaran da ke da ƙiba mai yawa suna shekara 3 sun kai ƙuruciyar balaga da nauyin da ya wuce ƙima. A Amurka, binciken 2014 a kan yara 7,738 ya nuna cewa ɗan shekara 5 mai nauyi fiye da ƙima ya ninka takwaransa mai matsakaicin nauyi sau huɗu wajen yiwuwar zama mai ƙiba sosai kafin ya cika 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 masu nauyi fiye da ƙima a 2022. Maganar da ake yi cewa kumatu ne na yarinta, za su zube in ya fara gudu, ta fi zama gaskiya ga jariri ɗan wata takwas fiye da ɗan shekara huɗu.

Wadda ta fara gwada hikimar cikin yaro da gaske wata likitar yara ce, Clara Davis, wadda ta fara buga aikinta a 1928 ta kuma taƙaita shi a 1939. Ta ɗauki jarirai 15 sababbin yaye, ta sa ana jera musu abinci iri-iri a ƙananan kwanoni: nama, hanta, ƙwai, madara, ayaba, lemo, hatsi, kayan lambu, kowanne shi kaɗai ba haɗi. An hana masu renon su nuna wa yaro kwano ko su matsa masa. Sai ya miƙa hannu ko ya nuna, sannan a ɗebo a cokali, kuma sai ya buɗe baki da kansa a sa masa. In mutum ya kalli cin rana ɗaya sai ya ce yaran nan sun haukace, domin wani zai dage a kan abu ɗaya kwana da kwanaki sannan ya watsar ya koma wani. Amma da aka haɗa makonni da watanni, sai ga shi sun ci abin da ya ishe su, sun girma lafiya. Akwai wani abu da masu ba da wannan labari suke yawan tsallakewa, alhali Davis da kanta ta jaddada shi: a cikin kwanonin nan babu sukari, babu alawa, babu abincin da aka sarrafa a masana'anta. Ita ta zaɓi abin da za a jera, yara suka zaɓi adadin da za su ci. A 1991 Leann Birch da abokan aikinta suka tabbatar da sashen wannan da lissafi. Sun auna duk abin da yara 15, 'yan shekara 2 zuwa 5, suka ci na kwana shida. Daga wannan ci zuwa na gaba, adadin yana hawa da sauka da kimanin kashi 34 cikin ɗari, amma jimillar yini guda ba ta kaucewa da fiye da kimanin kashi 10. Yaron da ya tsakuri abin kari ya tashi, wanda uwarsa ta wuni da damuwarsa, yakan rama da rana ko da dare ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

To, ina wannan ma'aunin na yunwa da ƙoshi yake zuwa? Barbara Rolls da Birch sun ba yara taliya da cuku a 2000, yau ɗan kaɗan, gobe da yawa. 'Yan shekara uku da rabi sun ci kusan adadi ɗaya ko nawa aka zuba musu, 'yan shekara biyar kuwa duk yadda aka ƙara tudun kwano haka suka ƙara ci. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa girman kwano yana iya jan har 'yan shekara biyu, don haka ba a ce ga ranar da abin yake juyawa ba, amma alkiblar ba ta sauya ba: yaro yana girma yana barin sauraron cikinsa yana komawa sauraron idonsa da bakin manya. Tun daga shayarwa ma ake ganin alamar haka. Uwa mai ba da nono ba ta ganin adadin da ya shiga, dole ta dogara da sakin da yaro ya yi. Mai ba da madara a kwalba kuwa tana ganin ragowa, kuma ragowar madarar da aka saya da tsada tana da ciwo, sai a ƙara tura masa har ya shanye. Wani bincike na 2010 a Amurka ya sami cewa kashi 68 cikin ɗari na jariran da kwalba kaɗai suka sani a watannin farko suna shanye duk abin da aka ba su daga baya, alhali kashi 27 ne kawai ke yin haka cikin waɗanda suka sha a ƙirjin uwa zalla. Daga nan sai sauran darussa su biyo baya: ba ka tashi sai ka suɗe kwano, in ka yi shiru zan saya maka biskit, in ka cinye tuwon za ka sha lemo. Kowanne cikinsu yana ɗaura abinci a kan wani abu da ba yunwa ba. Yaron da duk kukansa, na barci ne ko na gajiya ko na neman a ɗauke shi, aka toshe da abin zaƙi, yana koyon cewa maganin ɓacin rai a baki yake.

Mai karatu zai ce ai shi ke nan, sai a ɓoye kayan kwalama a kuma sa ido. Nan ma an gwada. Jennifer Fisher da Birch sun nuna a 1999 cewa idan aka ajiye wani abin maƙulashe inda yara ke ganinsa amma aka hana su taɓawa, maganarsa ba ta barin bakinsu, kuma ranar da aka sake musu sai su ci fiye da yadda suka saba. Matsa wa yaro ya ci da hana shi abin da yake gani a gabansa sun yi kama da kishiyoyi, amma gida ɗaya suke kwana, domin dukansu suna karɓe hukunci daga cikin yaro su miƙa wa babba. Rashin shigo da abu gida daban yake da shigo da shi a ɗora bisa firji a ce kada a taɓa.

Gwajin alawar nan ma, da aka sake duba shi, ya faɗi abin da masu yaɗa shi ba su zata ba. Ko a binciken 2013 ɗin, kashi 4 cikin ɗari kacal na bambancin nauyin mutanen ne jiran ƙuruciya ya bayyana. A Jami'ar Rochester, Celeste Kidd ta raba yara 28 gida biyu kafin ta ajiye musu alawa. Duka ta yi musu alkawarin kawo sababbin kayan zane. Kashi ɗaya ta cika musu, ɗaya kashin ta dawo hannu wofi ta ce ta yi kuskure, babu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa minti 3. Yaron da ya cinye alawarsa nan take ba lallai ne ragon zuciya ba ne. Wataƙila ya riga ya gane cewa "anjima" ta manya ba abin dogaro ba ce. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka maimaita gwajin da bayanan yara fiye da 900 daga gidaje mabambanta. Su ƙoƙarin karatu suka duba a shekara 15, ba nauyi ba, amma abin da suka gano ya shafi duk wani amfani da ake yi da gwajin: da aka cire tasirin halin gida da ilimin uwa da basirar yaro ta farko, kusan kashi biyu cikin uku na alaƙar ya zube. A arewa maso yammacin Kamaru kuma, da aka gwada 'ya'yan manoman Nso da fanke, kusan kashi 70 cikin ɗari suka jira minti goma cur, alhali takwarorinsu na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Jira abu ne da gida da al'ada suke ginawa, kuma yaro yana auna shi da irin duniyar da ya sani.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta gwajin da aka yi da niyyar tabbatar da akasin abin da ya fito. Julie Lumeng ta Jami'ar Michigan ta jagoranci wani shiri a makarantun renon 'ya'yan talakawa, yara 697, inda aka koya wa wasu dabarun kame kai tare da darasin abinci. Sakamakon 2017 ya nuna malamai sun ga halin yaran ya gyaru, amma ƙiba ba ta ragu ba. Inda aka ga motsi shi ne inda aka koyar da manya. A jihar Pennsylvania, shirin da Ian Paul ya jagoranta ya tura ma'aikatan jinya gidajen masu haihuwar fari, cikin iyalai 279, suna nuna musu yadda ake bambance kukan yunwa da na barci, yadda ake rarrashi ba da abinci ba, da yadda ake barin jariri ya saba kwanciya a kan lokaci. Da yaran suka cika shekara 3, kashi 11.2 cikin ɗari na wannan rukuni ke da nauyin da ya wuce ƙima, a kan kashi 19.8 na rukunin da aka koya wa kiyaye haɗurran gida kawai. Masu binciken da kansu sun ce ribar matsakaiciya ce, kuma ya kamata a faɗe ta haka. A Dunedin ta ƙasar New Zealand, cikin iyalai 802, waɗanda aka ba ɗan taƙaitaccen horo a kan barcin jariri sun sami kusan rabin haɗarin ƙiba a shekara 2 da kuma 5, alhali waɗanda aka ba darasin abinci da motsa jiki kaɗai ba su nuna wannan ribar ba. Barci, wanda ba wanda yake lissafa shi cikin abinci, ya fi lacca a kan abinci tasiri. Wannan ya dace da abin da Sarah Anderson da Robert Whitaker suka gani a 2010 cikin 'yan shekara huɗu 8,550: inda ake cin abincin dare tare, yaro yana samun barcin awa 10 da rabi, kallon talabijin kuma bai wuce awa 2 ba, ƙiba ta tsaya a kashi 14.3, inda babu ko ɗaya cikin ukun ta kai 24.5. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da sababi, domin gidan da ke da tsari sau da yawa yana da wasu abubuwan na rufin asiri. Gwaje-gwajen Pennsylvania da Dunedin ne suka ba shi ƙafar tsayawa.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne, ƙiba gado ce, ɗan mai tumbi ba ya rasa tumbi. Suna da gaskiya fiye da yadda masu wa'azin abinci suke so su amsa. Jane Wardle da Clare Llewellyn na Landan sun bi tagwayen iyalai kimanin 2,400 da aka haifa a 2007 a Ingila da Wales, suka gano cewa tun a watanni ukun farko, kashi 72 cikin ɗari na bambancin jarirai wajen saurin jin ƙoshi daga gado yake. A tsakanin tagwaye biyu masu uwa ɗaya da ɗaki ɗaya, wanda ya fi marmarin abinci ya fi ɗan'uwansa da kusan kilo ɗaya a wata 15. Amma a lura da abin da aka gada: ƙarfin marmari da raunin jin ƙoshi. Irin wannan gadon ba ya zama teɓa sai ya tarar da abin da zai ci. Ƙwayoyin halittar mutane ba su sauya ba cikin shekara 40, kantuna ne suka sauya. Kuma idan wani yaro an haife shi da ma'auni mai rauni, ɗora masa laifin rashin haƙuri zalunci ne biyu. Shi ne ma ya fi kowa buƙatar a rage tudun kwano, a tsayar da lokacin ci, a bar lemon kwalba a shago.

Wani ƙorafin kuma, wanda na fi jin nauyinsa, shi ne cewa an sauke kaya daga kan yaro an ɗora wa uwa. Matar da ta fita nema tun asuba, ko take fama da goyo da ciki da girkin gida guda, ba ta da lokacin zama karanta fuskar jariri, kuma biskit na leda ya fi ƙwai araha, ya fi shi saurin kashe kuka. Wannan gaskiya ne, shi ya sa maganar ba ta tsaya a tsakar gida ba. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin su Najeriya da Senegal yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa na Jamus da Birtaniya babu; kamfanin da ke yin sa ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. In haka ne, dokokin ne ke da gyara. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo a Najeriya, hauhawar farashi ta cinye shi tun bai yi haƙori ba. Harshen da aka saba wa zaƙi tun yana wata shida, ba uwa kaɗai ta saba masa ba.

Saura ƙorafin da ya fi kusa da mu. A Najeriya, ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma ma kashi 57, masu nauyi fiye da ƙima kuwa kashi 2 kacal, maganar ƙibar yara tana kama da kukan daɗi. Kakar da ta binne jikoki saboda tamowa, in ta ga jariri ya yi ɓulɓul ta ce tubarkalla, ba jahilci ke magana ba, tarihi ne. Sai dai yunwa da ƙiba ba su yi nisan da ake zato ba. Wancan binciken na 2018 ya sami kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce ƙima, don haka ba abin mamaki ba ne a ga uwa mai jiki da ɗa tsumburarre a ɗaki ɗaya. A Holan, bayan yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, an duba samari kimanin 300,000 masu shiga soja, aka ga waɗanda yunwar ta sama a rabin farko na zamansu a ciki sun fi sauran ƙiba. A unguwannin talakawa na São Paulo a Brazil, binciken Daniel Hoffman da Ana Lydia Sawaya na 2000 ya nuna jikin tsumburarrun yara ba ya ƙona kitse kamar na takwarorinsu, kuma akwai alamar suna ci fiye da buƙata in abinci ya samu. Yaron da ya taso a rashi, ya shigo birni ya tarar da taliyar leda da lemo mai sanyi, shi ne wanda hawan jini da ciwon suga suka fi jira.

A nan ne ɗure ya shigo. Uwa ta miƙe ƙafa ta kwantar da yaro a cinya, ta danne hannuwansa, ta kafa tafin hannunta a bakinsa kamar mazurari ta tsiyayo koko. Yana kuka, yana shaƙewa, in ya ƙi haɗiya a toshe hanci, har sai ciki ya yi tim an buga an ji. Ƙauna ce da tsoron rama suka haifi wannan, da kuma ƙarancin lokaci. Amma ban da haɗarin kokon ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wanda likitocin yara suka daɗe suna gargaɗi a kai, ɗure yana cika ciki da ruwan gari mai ƙarancin gina jiki, yana kuma koya wa yaro cewa kau da kai da datse baki da ture hannu ba su da wata ma'ana. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa ga mai tamowa da mai ƙiba iri ɗaya ce a wannan gaɓa: a ciyar a hankali, a lallaba, a sake gwadawa, a kula da alamun yunwa da ƙoshi, kada a tilasta. Yaron da ya daina cin komai, yana ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura, maganarsa ta asibiti ce, ba ta jira ba. Kuma ko a can, a cibiyar kula da masu tamowa, abin da ma'aikaciya take fara yi shi ne ta wanke wa uwa hannu, ta zaunar da ita a gefe inda babu hayaniya, ta yaga ledar abincin nan mai gyaɗa da madara, ta ajiye kofin ruwa, ta ce a miƙa masa a hankali. Sai ta tsaya tana kallo. In ya ci adadin da ake nema, a sallame su da na mako guda ko biyu su koma gida. In ya kau da kai, ta rubuta cewa ba shi da marmari, a kwantar da shi a nemi abin da ke damunsa.